Rakiyar Anselmo Zuwa Gida

Ina shekarata ta biyu a Kuala Lumpur Anselmo ya kama ɗakin da ke kallon nawa. Gidan a Cheras yake, can sama a ɗaya daga cikin dogayen benayen nan da baƙi suka cika. Ni sunana Istifanus, mutumin Pankshin ne, karatun digiri na biyu ya kai ni Maleshiya.

Ranar da ya tare, na ga baƙar fata dogo yana jan akwati, sai na yi masa Hausa. Bai amsa ba. Na juya zuwa Turancin buroka, sai ya yi dariya ya mayar mini da wani irin buroka mai kama da namu amma ba shi ba. Na tambaye shi ƙasarsu.

"Gini," in ji shi.

"Ta Konakiri?"

"A'a."

"Bisau ke nan."

Ya girgiza kai, ya ciro waya ya buɗe taswira. Sai da ya yi ta buɗa ta da yatsu biyu kafin wani ɗan tsibiri ya fito a cikin teku, ƙasa da Kalaba kaɗan.

"Ikwatoriyal Gini. Maƙwabtanku ne mu, hermano. Mun san ku sarai, ku ne ba ku san da mu ba."

Hermano ɗan'uwa ke nan da Sifaniyanci, kuma da shi ya ci gaba da kirana. Na ji kunya ranar, don na yi karatun taswira a sakandare, amma ban taɓa sanin akwai masu Sifaniyanci a bayan gidanmu ba.

A shagon mamak da ke ƙasan benenmu, wato shagon shayi da abinci na Indiyawa Musulmi, na san ƙasarsu. Mukan zauna da yamma da shayi mai kumfa a gabanmu, shi yana ba da labari ni ina saurare. Ya ce shi Bubi ne, ƙabilar da ke tsibirin tun asali. Ya ce dutsensu ya fi kwana cikin gajimare fiye da a fili, yashin bakin tekunsu baƙi ne, ruwan sama kuwa idan ya fara sai mutum ya manta kamannin rana. Babansa manomin koko ne, shi ne kuma mai karanta addu'a a cocin ƙauyensu idan fada bai zo ba. A zamanin kakansa, in ji shi, 'yan Najeriya ne ke aikin gonakin kokon, har aka wayi gari suka kwashe suka tafi, gonakin suka koma daji. Daga baya aka haƙo mai a teku. Daga ƙauyensu suna ganin hasken wutar da ke ci a can kan ruwa, amma su da aci-bal-bal suke kwana. Shi ya sa ya zo karatun injiniyan man fetur. Wani kamfani ne ya ɗauki nauyinsa, mutanen ƙauye kuma suka raka shi har filin jirgi da kiɗa.

Ran Lahadi yakan dafa farfesun kifi da ayabar suya, ya zuba barkono kamar yana fushi da mu. Ni kuma ina samun garin masara in tuƙa tuwo. Bai taɓa iya cewa tuwo daidai ba.

Abin ya fara ne bayan ya faɗi jarrabawar aikin bincikensa na shekarar ƙarshe karo na biyu, kamfanin kuma ya janye hannunsa. Da farko ya daina saukowa mamak. Na riƙa yi masa tapau, wato in sa a ƙunsa mini abinci in hau masa da shi, washegari in tarar da ƙunshin a bakin ƙofa yadda na ajiye. Sannu a hankali Turanci ya fara gudunsa. In na yi masa magana sai ya amsa da Sifaniyanci, ko ya juya yana yi wa bango bayani. Wata safiya ina ɗakin karatu aka kira ni daga wani asibiti. An tsince shi a tashar jirgin ƙasa sanye da kwat da wando, ba takalmi, yana gaya wa mutane jirgin ruwa yake jira.

Likitar da ta duba shi, wata Ba'indiya mai furfura, ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce magani zai kwantar da shi, amma ba ɗakin haya ne zai warkar da shi ba, sai cikin danginsa. Ga takardar zamansa ta kusa ƙarewa. Kuma babu jirgin da zai ɗauke shi shi kaɗai, sai da mai rakiya.

"Kai ɗan'uwansa ne?" ta tambaye ni.

Na ce maƙwabcinsa ne.

"To wa yake da shi a nan?"

Na ce babu kowa. 'Yan ƙasarsu da na sani duk sun gama sun koma.

A wayarsa na samo lambar yayarsa Pilar, wadda ke aiki a wani kanti a Malabo, babban birnin tsibirin. Da buroka muka fahimci juna, nata irin nasu, nawa irin namu. Ta yi kuka har na ɗauka layin ya yanke. Ta ce jego take yi, ba halin tafiya. Mahaifiyarsu ta rasu da daɗewa. Tsohon babansu kuma bai taɓa shiga jirgin sama ba.

"Ka kawo mini shi, don Allah. Zan nemi tikitinku. Ka kawo shi kawai."

Na ce ta bari in yi tunani. Ina da babin kundin digirina da malamina ke jira. Ban da haka, tun da na zo Maleshiya ban leƙa gida ba, kullum ina ce wa mahaifiyata sai na gama. Yanzu a ce tafiyata ta farko zuwa Afirka ba wurinta za ni ba. Na je asibiti na same shi zaune a bakin gado, hannuwansa na rawa saboda magani. Ya ɗago ya ce, "Hermano, ka zo?" Washegari na kira Pilar na ce ta nemi tikitin.

Neman izinin shiga ƙasar ya kai ni unguwar Chow Kit. Wani ya haɗa ni da ejan, ɗan ƙasarmu, mai ɗan ofis a saman shagon sayar da wayoyi, bayan kasuwar kifi. Ya karɓi fasfona yana dariya.

"Wannan ai ƙaramin aiki ne, oga. Boleh, boleh, zai yiwu. Sati mai zuwa ka zo ka ɗauka."

Sati mai zuwan bai zo ba. In na je a ce ya fita, in na kira ya ce yana ofishin jakadanci. Daga baya na gano ko sunan ƙasar bai iya faɗa daidai ba, ta Konakiri yake ta nema. Da na ce ya ba ni fasfona, sai ya fara sabon zance, wai sai na biya wahalarsa.

Mama Rahila ce ta fitar da ni. Shugabar zumuntar mata ce a cocinmu da ke Sri Petaling, mutumiyar Kagoro, mijinta malamin jami'a. Da ta ji labarin bayan sujada, ta ce in zo mu je. Ta hau benen nan da ƙyar saboda gwiwa, ta ja kujera ta zauna a tsakiyar ofishin, ta ɗora jakarta a cinya.

"Ɗana, ni ba faɗa na zo yi ba. Zama na zo yi. Duk wanda ya shigo zan gaya masa abin da ya zaunar da ni."

Mutum biyu kawai ta yi wa bayani, fasfo ya fito daga aljihun tebur. A ƙarshe Pilar ce ta samo mini izinin daga can. Ranar tafiya Mama Rahila ta ɗora hannu a kan Anselmo ta yi masa addu'a da Hausa. Bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya sunkuyar da kai har ta gama.

Doguwar tafiya ta farko barci ya yi, maganin ya taimaka. A Addis Ababa ne abin ya ɓaci. Mun sauka da safe, sanyi na ratsa riga. Da aka fara kiran masu zuwa Malabo, ya ji sunan garin a lasifika, sai ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa ya rungume jakarsa.

"Ba zan je ba. Ban gama ba."

Na lallashe shi da Turanci, na lallashe shi da buroka. Na kama hannunsa, ya fizge. Mutane suka fara taruwa, wasu na ɗaga waya. Wani ma'aikacin jirgi ya zo ya ce in bai tashi da ƙafarsa ba, ba za su ɗauke mu ba. Na duba, ga ni a ƙasar da ban san kowa ba, da mutumin da ba shi da inda zai koma. Ban san lokacin da na ce, "Ya Ubangiji, ka taimake ni," da ƙarfi ba.

"Kai, ɗan nan, Bahaushe ne?"

Wata dattijuwa ce cikin babban mayafi, kewaye da jakunkuna. 'Yar kasuwa ce daga Kano, ta dawo daga sarin kaya a Cana. Na gaya mata abin da ake ciki a gurguje. Sai ta tattara zaninta ta zauna a ƙasa kusa da shi. Ta kwance wata leda ta ɗebo dambun nama ta miƙa masa a tafin hannu.

"Ci, ɗana. Ci mana. Yunwa ce ke ƙara maka."

Ya dube ta, ya karɓa, ya ci. Ta ƙara masa. Tana ta yi masa hira da Hausa kamar yana ji, wai ita ma nata ɗan haka yake da taurin kai, wai gida ai ba a gudunsa. Da ledar ta yi rabi sai ta dafa kafaɗarsa ta miƙe, ta ce, "To tashe ni, ƙafata ta sage." Ya tashi don ya tashe ta. Haka ta riƙe hannunsa har bakin ƙofar shiga jirgi.

Na ce, "Hajiya, Allah ya saka da alheri."

"Amin. Kai ɗan ina ne?"

"Filato."

"Ka daɗe ba ka je gida ba, ga shi nan a fuskarka." Ta tura mini sauran dambun a aljihu. A daidai lokacin aka kira masu zuwa Kano a ƙofar da ke gaba da tamu. Na ga layin mutanenmu, huluna da mayafai, ana ta Hausa. Na juya na bi Anselmo.

Da muka kusa sauka na leƙa ta taga. Ban taɓa ganin kore irin wannan ba, kore har ya yi duhu, daga bakin ruwa zuwa inda gajimare ya yanke dutsen. Muna fitowa daga jirgi zafi mai laima ya rufe mu, irin na Kuala Lumpur sak, sai dai wannan da ƙanshin ƙasa. An daɗe ana juya fasfona ana yi mini tambayoyin da ban gane ba, kafin a buga hatimi.

Pilar na tsaye a waje da jariri a kafaɗa. Ta tafi da gudu za ta rungume ƙanenta, sai ta tsaya. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, idanunsa a ƙasa. Ta kira sunansa. Ya ce mata, "Sannu, madam," da Turanci. Ta toshe bakinta da zanin goyo.

Direban da ta ɗauko mana wani dattijo ne mai 'yar hula. Yana sa akwati a but ya dube ni ya ce, "Malam, an zo lafiya?" Na kusa faɗuwa. Sunansa Malam Sale, mutumin Garwa ta Kamaru, ya fi shekara ashirin a tsibirin. Yana jin Sifaniyanci, yana taɓa Bubi. Ya ce Hausawa na nan da dama a kasuwa, masu tsire da masu tireda, har masallaci gare su.

Ya ratsa da mu cikin gari. Na ga tsofaffin gidajen Turawa masu baranda, da wani babban coci mai hasumiya biyu yana kallon teku. Na ga faffaɗan titi mai fitilu da manyan gine-ginen gilashi, ba kowa a ciki, ba kowa a bakin ƙofa. Muna karya kwana kuma sai ga unguwar gidajen katako, mata na layin ruwa da jarkoki. Duk abin da Anselmo ya ba ni labari ga shi a gabana, shi kuwa yana gefena ya rufe ido.

A gidan Pilar muka sauka. Da safe, muna shirin kama hanyar ƙauye, ta ja ni gefe.

"Baba bai sani ba."

"Bai san me ba?"

"Na ce masa Anselmo zai dawo. Ban iya faɗa masa sauran ba. Ya ɗauka ya gama ne."

Na ce ta kira shi yanzu. Ta ce waya ba ta shiga ƙauyen sai an hau tudu. Ta ce in mun isa za ta shiga ta fara gaya masa kafin mu fito daga mota.

Hanyar ta bi gefen teku zuwa kudu, daga baya ta hau dutse. Ruwa na sauka ba ƙaƙƙautawa. A wani shinge masu kaki suka tsayar da mu, da suka ga koren fasfo sai suka ce in fito. Na tsaya cikin ruwa ina jiƙewa, ɗaya na nuna ni yana maimaita sunan ƙasarmu, sauran na dariya. Malam Sale ya fito da lema ya tsaya kusa da ni, ya yi ta yi musu magana a hankali yana nuna Anselmo a cikin mota. Ɗayansu ya leƙa, ya daɗe yana kallonsa, ya miƙo mini fasfona ba tare da ya dube ni ba.

"Me ka ce musu?" na tambaye shi da muka wuce.

"Gaskiya na faɗa. Na ce mara lafiyarsu ka ɗauko musu daga ƙarshen duniya."

Tun kafin mu ga ƙauyen muka ji kiɗa. Ruwan ya tsagaita. An kafa ganyen kwakwa a bakin hanya hagu da dama, mata sun yi anko, hayaƙin gashin akuya na tashi. A tsakanin itatuwa biyu an ɗaura farin ƙyalle da sunansa, da wata kalma a gaba da ko ban iya Sifaniyanci ba na san injiniya take nufi. Pilar ta ce, "Wayyo Allah." Ba ta samu ta shiga ta yi bayanin ba, jama'a sun riga sun kewaye motar.

Anselmo ya damƙe hannuna har na ji zafi. Sai kuma ya sake ni, ya gyara wuyan rigarsa, ya buɗe ƙofa ya fita. Guɗa ta tashi. Wani tsoho gajere cikin kwat ɗin da ta sha guga ya taho ya rungume shi, kansa iyakar ƙirjin ɗan. Baba Eulogio ke nan, mahaifinsa. Aka kai su gaban teburin da aka shimfiɗa wa farin zani, aka yi shiru, ana jiran injiniya ya yi magana.

Ya tsaya ƙyam, ya haɗa hannuwa a baya, ya fara da Turanci. Ya gaishe da malaman da ke zaune. Ya faɗi sunansa da lambarsa ta ɗalibi da taken aikinsa. Jarrabawar da ya faɗi ce yake sake gabatarwa, yana nuna allon da babu shi, yana cewa a duba hoto na gaba. Mutanen ƙauye ba sa jin Turanci. Duk inda ya numfasa sai su tafa. Wata tsohuwa na share hawayen murna. A duk taron ni kaɗai na san abin da yake faɗa, kuma da ƙasa za ta buɗe da na shige.

Baban ne bai tafa ba. Hannuwan ɗansa yake kallo, yadda suke rawa a bayansa.

Anselmo ya kai wani wuri ya tsaya. Ya maimaita jimlar, ya sake maimaitawa. Ya ce, "Ku yi haƙuri, ku ba ni minti ɗaya." Sai ya zauna a cikin taɓo, ya fara kwance igiyar takalminsa. Mai ganga ya ɗauke hannu. Ba wanda ya motsa sai Pilar, da ta miƙa wa wata jaririn ta je ta durƙusa a gabansa.

Wani ƙanen baban ne ya fara nuno ni. Ya taso yana ɗaga murya, samari suka biyo bayansa. Malam Sale ya matso ya tsaya a gabana.

"Me yake cewa?"

"Wai lafiyayye suka tura shi. Wai an san ku da asiri, kai ka shanye masa ƙwaƙwalwa ka kawo musu ɓawon. Kada ka ce komai, kada kuma ka gudu."

Na tuna babu wanda ya san inda nake a duniya in ban da Mama Rahila. Sai tsohon ya ɗaga hannu, ya faɗi kalma biyu, wurin ya yi tsit. Ya yafito ni da Malam Sale muka bi shi bayan gida, cikin rumfar da ake shanya koko. Ya zauna a kan buhu, ya nuna mini wani.

"Ya ce ka gaya masa duka, kada ka rage don tsufansa," in ji Malam Sale.

Na gaya masa. Faɗuwar jarrabawa, janyewar kamfani, abincin da ke kwana a bakin ƙofa, tashar jirgin ƙasa, asibiti. Malam Sale na juyawa, tsohon na kallon ƙasa. Da na gama ya ɗago kai. Sannan ya yi tambaya.

"Wai da aka tsince shi ba takalmi, mutane sun yi masa dariya?"

Na ce, "Baba, ban ga wurin ba. Amma wanda ya kai shi asibiti ya saya masa silifa."

Ya gyaɗa kai. Ya sake tambaya ko akwai wanda ya taɓa dukansa. Na ce babu. Ya ciro hankici ya goge fuska, ya miƙe ya gyara kwat ɗinsa, muka koma wurin taro. Ya yi wa jama'a magana a taƙaice. Malam Sale ya raɗa mini: ya ce ɗansa ba shi da lafiya, ya ce wannan baƙon ne ya ciyar da shi ya kuma kawo shi, duk wanda ya taɓa baƙon shi ya taɓa. Ya ce akuya an riga an yanka, a zauna a ci. Da kansa ya hau kujera ya kwance farin ƙyallen, ya naɗe shi ya kai ɗaki.

An ci, amma ba a sake kiɗa ba.

Na yi 'yan kwanaki a ƙauyen ina nuna wa Pilar da baban yadda ake ba da maganin. Ruwa kullum. Anselmo yakan zauna a baranda yana kallonsa, wani lokaci ya amsa wa babansa da Bubi, wani lokaci ya yi kamar babu kowa. Matan da suka yi anko suka riƙa aiko mini da dafaffen gwaza da kifi. Ƙanen baban bai sake yi mini magana ba, bai kuma sake zama inda nake ba.

Wata safiya gari ya washe, tsohon ya ja ni muka hau tudun da ke bayan gonarsa. Itatuwan kokon sun tsufa, rabinsu kurangar daji ta shaƙe su. Daga sama teku ya buɗe. Ya nuna wani dutse can nesa ya ce, "Kamerun." Ya karkata hannu hagu, inda babu komai sai ruwa da hazo, ya dube ni ya ce, "Nijeriya." A wurin waya ke shiga. Na kira mahaifiyata.

"Istifanus? Yau muryarka ta fito tar. Kana ina?"

"Ina kusa, Mama. Na rako wani abokina ƙasarsu, ba shi da lafiya."

"Kusa kamar ina?"

"Jirgi ba zai yi awa biyu ba."

"To ka ƙaraso mana, ko kwana ɗaya ne."

Na yi mata bayanin tikiti da takardun makaranta da malamin da ke jirana. Ta ce, "To. Ka gaishe da uwar yaron." Na ce ba shi da uwa. Ta ce, "Ayya. To ka yi abin da ya kai ka." Da na kashe wayar tsohon ya juya baya yana duba wani reshe, ya bar ni har na gama.

Ranar komawata Malam Sale ya zo da safe. Na yi sallama da mutanen gida, na fito da jakata, sai na tarar da Anselmo a kujerar baya. Ya yi wanka, ya sa kwat, ya ɗaura takalmi, jakarsa a cinya.

"Yi sauri, hermano, kada mu rasa jirgi. Ina da gyaran da zan kai wa malam."

Tun da muka baro Maleshiya bai yi mini magana mai tsawon wannan ba. Pilar ta fara kuka. Ƙanen baban ya ce wani abu, Malam Sale ya fassara mini: wai a ce masa ya manta fasfo a ɗaki, in ya shiga ɗaukowa mu ja mota. Tsohon kuwa ni yake kallo.

Na buɗe ƙofa na shiga na zauna kusa da shi.

"Anselmo, ni kaɗai zan koma."

"Ban gama ba."

"Na sani. Amma makarantar ta rufe maka, takardarka ta ƙare. Ba za su bar ka ka shiga ba. Nan za ka zauna wurin Baba, ka sha magani."

"Har yaushe?"

"Ban sani ba."

Ya daɗe yana kallon bayan kujerar direba. Ruwa ya fara ɗigowa a kan gilashi. Na zaci zai yi ihu, ko ya riƙe kujera kamar yadda ya riƙe jaka a Addis. Sai ya sa hannu a aljihun kwat ya ciro makullin ɗakinsa na Cheras, ya ajiye mini a gwiwa.

"Ka ba mai gida. Ka ce ya sa wani."

Ya buɗe ƙofa ya fita da kansa. Baban ya miƙa hannu zai karɓi jakar, ya hana shi, sai tsohon ya kama ɗaya hannun jakar suka riƙe tare. Malam Sale ya tayar da mota. Na juya ina kallonsu ta gilashin baya, dogo da gajere a cikin ruwa, babu wanda ya ɗaga hannu, har kwana ta raba mu.

Mun yi nisa. Sai da teku ya sake fitowa Malam Sale ya ce, "Malam, in buɗe rediyo? Wani lokaci ana kamo tashar Hausa a nan."

Na ce ya bari tukuna.